Westonbirt: Kwana Biyu Tsakanin Ƙulli da Ƙarfe

Jirgin ƙasa ya tashi daga Paddington a Landan da sassafe, ana yayyafin nan na Ingila mai kama da wasa, wanda sai ka jiƙe sharkaf kafin ka san ana ruwa. Awa ɗaya da 'yan mintoci muka sauka a Kemble. Ɗan yayata na jira na da motar aikinsa, bayanta maƙil da igiyoyi, tana warin fetur da ɗanyen itace. Sana'arsa hawan bishiya, ya rage rassa, ya sare wadda ta mutu daga sama zuwa ƙasa gunduwa-gunduwa. Turawa na kiran masu wannan sana'a likitocin tiyatar bishiya. Uwarsa kuwa, in an tambaye ta a gidan biki, cewa take yana aikin gandun daji, don kada a ce ɗanta ya je Turai saran itace.

Westonbirt muka nufa, wani makeken lambun bishiyoyi kusa da garin Tetbury, wanda attajiri Robert Holford ya fara dasawa a 1829. Yau ya kai eka 600, da bishiya wajen 15,000. A watan Mayu ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya ta shirya baje kolinta a can, shi ya kawo mu. Na ga bishiyoyi, ba laifi, amma ba su suka riƙe ni ba. Wata rumfa ce, inda aka rataye igiyoyi daga sama, ƙarti sanye da hular kwano suka yi cincirindo suna musu kamar 'yan ƙwallo a teburin mai shayi.

"Kawu, ka ga abin da ake faɗa a kai," in ji yaron, ya miƙo mini guntuwar igiya da ba ta kai kamu biyu ba.

Matsalar mai hawa ɗaya ce. Yana rataye a doguwar igiya, yana bukatar abin da zai kama ta idan ya saki nauyinsa, ya kuma sake ta idan ya taɓa da hannu. A kama, a saki, sau ɗaruruwa a wuni. Tsohuwar dabara ita ce a naɗe siririyar igiya a jikin babbar. Karl Prusik, ɗan Ostiriya mai hawan duwatsu, ya bayyana ƙullinsa a 1931, har yau da sunansa ake kiransa. Wani ɗan Ostiriyan, Heinz Prohaska, ya fito da wani a 1981, amma sunan Jason Blake ne ya bi shi bayan ya tallata shi ga masu hawan bishiya a Amurka a 1994. Wani ya yi noma, wani ya sha suna. Shi ƙullin Blake da jelar babbar igiyar ake yinsa: naɗi huɗu, a cusa bakin a ƙarƙashin biyu na ƙasa, sannan a toshe ƙarshen da wani ƙulli don kada ya zare.

Wani dattijo mai furfura a gemu, hannunsa kamar kantar kuka, ya ɗaura mini ƙulli uku a jere. Na farko Distel, mai kamawa da wuri, ba ya ba mutum tsoro. Na biyu Schwabisch. Na uku wanda suke yi wa laƙabi da VT, naɗi a sama, kitso a ƙasa, irin kitson 'yan mata. Wannan shi ne doki mai gudu: yana sakin igiya ba gardama, amma in ba ka gyara masa zama ba bayan ya saki, yana iya ƙin kamawa a lokacin da kake bukata. Dattijon ya ƙara naɗi ɗaya ya ce in ja, sai ƙullin ya cije. Ya rage ɗaya, sai ya sulale. Nan na gane abin da ke sa su son ƙulli. Kai kake auna shi da nauyinka, da kaurin igiyarka, da ko sabuwa ce mai santsi ko tsohuwa da ta yi gashi. Babbar igiya kan kasance milimita 11 zuwa 13, ta ƙulli 8 zuwa 10. Kuma ba kowace ba, domin saukowa da sauri na haifar da zafin da ke ƙona zaren roba ya yi ƙyalli ya bushe, shi ya sa ake saƙa ta da zare mai jure wuta irin su Technora.

A ɗaya gefen rumfar samari ne da ƙarafunansu. Ga ZigZag na kamfanin Petzl na Faransa, wata 'yar sarƙar ƙarfe da igiya ke ratsawa a karkace, ka danna samanta ka sauka, ka saki ta tsaya. Ga Spiderjack na ART daga Jamus, ga Akimbo, ga Rope Runner. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta. Ƙarfe yadda ya yi jiya haka zai yi yau, ba ya dogara da ko ka ɗaura shi daidai da sanyin safiya hannunka na rawa. Yana rage gajiyar gwiwar hannu da kafaɗa, ciwon da ke tsufar da masu wannan aiki da wuri. Illarsa tsada, don kuɗin guda ɗaya zai sayo maka tarin guntayen igiya, sannan kowanne da kaurin igiyar da aka ƙayyade masa, ba ka da ikon ƙara masa naɗi.

Abin da ya fi burge ni ba ya cikin kowane ɓangare. A tsohon tsari igiya na bi ta kan reshe ta dawo maka, don haka rabin nauyinka kawai ƙulli ke ɗauka, amma sai ka ja mita biyu kafin ka hau ɗaya. A sabon tsari igiya ɗaya ce a tsaye, ka bi ta kai tsaye, sai dai duk nauyinka ya faɗa kan ƙullin ya cije ya ƙi saki. Wani mai hawa a Detroit, Kevin Bingham, ya warware wannan da Rope Wrench, ɗan ƙarfen da ke zama saman ƙulli ya lanƙwasa igiyar ya ɗauke wani kaso na nauyin. Ƙarfe da ƙulli a igiya ɗaya, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Na tuna masu hawan kuka a ƙauyenmu da turakun da suke kafawa a jikinta, da makiyayi a kan gawo da adda a hannu, ba igiya ba komai. A Birtaniya kuwa ƙa'ida ta ce a hau da igiya biyu, kowace da madogararta, kuma wata doka ta 1998 ta wajabta a kai kayan ga masani ya duba su duk wata shida.

Washegari yaron yana da aikin rage rassan wani tsohon itacen ok a bayan wani gida. Ya sa mini ɗamarar zama, ya ɗaura Distel da kansa, ya ce kada in wuce reshen farko. Na hau da ƙyar, ina nishi. Da na zo sauka sai tsoro ya sa na damƙe ƙullin da tafin hannu gaba ɗaya, na sulalo kamar guga a rijiya, har sai da ya daka mini tsawa.

"Kawu, saki! Cire hannunka!"

Na cire, na tsaya cak, ina lilo kamar jemage. Ashe abin da zuciya ke ce maka ka riƙe, shi ne ake so ka saki. Ya ce ƙarfen ma haka yake, wanda ya danne shi don firgici zai zo ƙasa.

Da muka zauna cin abinci na tambaye shi wanne ya fi so. Ya buɗe jaka, sai ga duka biyun. Ya ce ranar dogon aiki a babbar bishiya mai faɗin rassa, ƙarfe yake ɗauka. Idan itacen fayin ne mai zubar da danƙo, yana jin tausayin kayan tsada, ya fi son ya ɓata guntuwar igiya ya yar. Yaron da ya zo koyon aiki wurinsa kuwa ba ya taɓa ƙarfe sai ya iya ɗaura Blake ido rufe, domin ranar da ƙarfe ya suɓuce ya faɗo ƙasa kana sama, jelar igiyarka ce kaɗai za ta sauko da kai. A ganina nan ne gaskiyar take, ko da yake samarin rumfar jiya za su ce tsufa ne ya kama shi da wuri.

A tashar Kemble ya tura mini wata tsohuwar igiyar ƙulli a aljihu, wadda zafi ya sa ta ƙyalli har ya daina hawa da ita. Cikin jirgi na yi ta gwada Distel a jikin sandar lemata, naɗi huɗu sama, ɗaya ƙasa, yana ta zamewa. Wata tsohuwa da ke kujerar gabana ta daɗe tana kallo, can da muka kusa Swindon ta nuna da yatsa ta ce in ƙara ɗaya.