Ƙafa Tamu, Keke na Mai Haya

Tseren keke a Dalijan yana da lokacinsa, kuma ba mu muke yanke lokacin ba, ruwan sama ne. Daga sa'ad da aka ɗaure damman gero aka kai rumbu har ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, hanya tamu ce. Da zarar an yi ruwan shuka kuwa, duk yaron da aka gani a kan keke da hantsi ba tare da an aike shi ba, to ya tanadi abin da zai faɗa wa mahaifinsa. Damina sukutum babu tsere. Amma a cikin watannin nan da ba a tseren ne ake ƙulla wanda zai ci na baɗi.

Ina maganar farkon shekarun 1980 ne, zamanin mulkin Shagari. Muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi kuwa fadar Sarkin Gwandu ce da ofisoshin hukuma, ba ta zama babban birnin jiha ba tukuna. Masu hayar keken da muka sani mu yara su biyu ne. Ɗaya yana bakin kasuwa, dattijo mai tsabta da tsumulmula, agogo a hannu, shi kaɗai ya san lokacin da awarka ta cika. Ɗayan yana gindin wata tsamiya a hanyar fita gari, matashi ne da ya yi ci-rani a Kano ya dawo da 'yan kuɗi da baki mai daɗi. Sisi ko sule muke kai musu. Manya ma suna karɓar haya, mai zuwa ziyara hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu, mai zuwa gaisuwar surukai, mai ɗaukar kaya zuwa kasuwar wani gari.

Ba wanda ya taɓa sa kyauta a tserenmu. Ana ja layi da ƙafa a ƙasa, a nuna wata bishiya can nesa, a ce wanda ya kewayo ta ya riga dawowa shi ya ci. Duk da haka masu hayar nan biyu sun ɗauki abin da zafi fiye da mu, kuma suna da dalili. Yaron da ya samu sulensa na barka da salla ba zai kai shi ko'ina ba sai wurin wanda kekensa ya zo na ɗaya. Tseren talla ne. Shi ya sa kowannensu yake da yaransa da ba sa biyan haya, yana yi musu faci kyauta, yana saya musu ƙosai, wani lokaci har da 'yar riga idan salla ta matso.

Kekunan kusan duk Raleigh ne, baƙaƙe, masu nauyi, da ɗan tambarin tagulla a goshi mai hoton kan zalɓe. Asalin kamfanin na birnin Nottingham ne a Ingila, amma a lokacin yana da masana'anta a Kano, don haka ba baƙo ba ne a wurinmu. An yi su ne don ɗaukar buhu, ba don gudu ba. Daren jajibirin tsere sai mu zauna mu tuɓe su: a kwance kariya, a cire madigadi gaba da baya, a fitar da abin jingina, a wanke sarƙa da kananzir a shafa mata giris. Babban maƙiyinmu tsidau ne. Na fi kowa sanin wannan, domin ni ba gudu nake yi ba, famfo nake riƙewa. Idan taya ta sace, ni zan zaro tub, in hura, in tsoma cikin kwanon ruwa ina juyawa a hankali har in ga inda kumfa ke tasowa, in tsane wurin, in kankare da dutse, in shafa sholisho, in jira ya sha iska kafin in manna guntun tsohon tub. Wanda ya yi garajen mannawa sholisho na ɗanye, facinsa ba ya kaiwa bishiyar, balle ya dawo.

Gwanin garin ɗan kawuna ne, ya girme ni kaɗan, siriri, ba ya magana. Tun yana zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya don bai kai sirdi ba aka gane akwai abu a ƙafarsa. Yaron dattijon bakin kasuwa ne, kuma ranin da ya wuce ba wanda ya ga ƙurarsa.

Sai ga mai hayar gindin tsamiya wata ranar damina, bayan la'asar, an dawo daga noman farko. Bai nemi yaron ba. Zauren Kawu ya yi sallama, da ƙullin goro a ganye. Ina rakuɓe a bakin ƙofa ina jin su. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar ruwa da shuka, ya ce, "Malam, wanga ɗa naka Allah ya ba shi ƙahwa. Ni kau ga sabon keke ina aje da shi, babu mai hawa nai."

Kawu ya ɓare goro, ya ce, "To, mi kaka so a yi?"

"Na ga kana tahiya Gwandu ƙasa cikin wagga damana. Ka ɗauki guda cikin nawa, ba haya ba, har a yi kaka. In an yi kaka, yaro shi dawo wurina."

Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce Allah shi sa albarka. Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Wanda aka yi cinikin a kansa yana bayan gida yana wa awaki yankan ciyawa, sai da dare mahaifiyarsa ta gaya masa. Ni kuwa aka haɗa da ni a matsayin gyara, irin wadda mai awo ke ɗorawa a kan mudu, domin mai hayar ya ce yana son yaron nan mai faci shi ma.

Ba na ganin laifin Kawu. Mutum ne mai iyali, keke a damina kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zuwa ko'ina a ƙasa. Dattijon bakin kasuwa dai bai ɗauke ta da sauƙi ba. Ya aiko a karɓo sifanarsa da ke hannunmu, ya daina amsa gaisuwarmu yadda ya saba, sannan kafin a girbe gero ya jawo wani almajiri daga wajen Kambaza, ƙaƙƙarfa, yana ba shi tuwon dare. Duk wannan kai da komo an yi shi ne ba tare da an taka feda ko sau ɗaya ba.

A daidai waɗannan shekarun, Raleigh ɗin da muke tuɓewa a gindin tsamiya yana da tasa ƙungiyar tsere a Turai, kuma ita ce gagarabadau a lokacin. Sunanta TI-Raleigh, wani ɗan Holan, Peter Post, ke jan ragamarta, kuma ɗan tserenta Joop Zoetemelk ne ya ci babbar gasar zagayen Faransa a 1980. A ƙarshen 1983, shekarar da soja suka kifar da Shagari, kamfanin ya janye kuɗinsa. Nan take gida ya rabu biyu. Post ya kwashi wasu suka koma ƙarƙashin Panasonic, ɗan tsere Jan Raas ya ja wasu suka kafa wata ƙungiyar da sunan kantunan Kwantum. Ita wannan ta biyun har yau tana nan, sai dai ta sake suna ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Ta yi shekaru tana amsa sunan bankin Rabobank daga 1996, bankin ya gudu a 2012 saboda abin kunyar shan ƙwayoyin ƙara kuzari, ta yi watanni babu kamfanin da ya ɗauki sunanta har Belkin ya zo a tsakiyar 2013, ta zama Jumbo-Visma ta ci zagayen Faransa da Jonas Vingegaard a 2022 da 2023, yanzu kuma Visma-Lease a Bike ake ce mata.

Mai kallon ƙwallo zai ga abin bambarakwai. Kano Pillars ko ta ci ko ta faɗi Kano Pillars ce, tana da gari, tana da fili, tana da ƙofar da ake yankar tikiti. Tseren keke a kan titi ake yin sa, kowa ya tsaya a bakin hanya ya kalla kyauta. Ƙungiya ba ta da abin sayarwa sai sunanta da ƙirjin rigar 'yan tserenta, don haka wanda ya biya shi ke raɗa suna, ranar da ya gaji kuma ya tafi da sunan. Hukumar tseren keke ta duniya ta sa 1 ga Agusta a matsayin ranar da za a fara bayyana wanda ya koma ina. Manyan ƙungiyoyi 18 ne, kowacce ba ta wuce mutum 30, yawancin kwantiragi kuma na shekara ɗaya ne ko biyu. Daga Oktoba, idan an rufe tsere, waya ce ke aiki: dillalai, manajoji, da 'yan tseren da ba a sabunta musu ba suna jiran kira. Cikin mutum 30 ɗin nan kaɗan ne ake sa ran su ci. Sauran aikinsu su tare wa gwani iska, su koma mota su ɗebo masa ruwa, su ba shi ƙafar kekensu idan tasa ta sace. Gwani idan zai sauya gida yakan ce sai da wane da wane, wani lokaci har da makanikensa. Da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai.

Afirka ta ɗanɗana abin da kyau. A 2015 wata ƙungiya daga Afirka ta Kudu ta shiga zagayen Faransa, karo na farko ga ƙungiyar da aka yi wa rajista a nahiyar, da sunan MTN-Qhubeka. I, MTN ɗin da ke cikin wayarka. Ɗan Iritiriya Daniel Teklehaimanot ya yi kwanaki sanye da rigar gwanin hawan tudu. Shekara na zagayowa sunan ya koma Dimension Data, daga baya NTT, a ƙarshen 2021 aka nemi mai ɗaukar nauyi aka rasa, ƙungiyar ta watse, 'yan tsere da makanikai suka bazama neman aiki ana sanyin Disamba. Biniam Girmay, shi ma ɗan Iritiriya, ya ci zango uku a zagayen Faransa na 2024 ya tafi gida da koriyar riga, abin da baƙar fata ɗan Afirka bai taɓa yi ba. Wannan bai hana ƙungiyarsa ta Intermarché shiga matsin kuɗi ba, har ta haɗe da Lotto a ƙarshen 2025, gida biyu na Beljiyam suka koma ɗaya, mutane da yawa suka rasa gurbi. Shi Girmay ya koma NSN, wadda 'yan watanni kafin nan sunanta Israel-Premier Tech, ƙungiyar da masu zanga-zangar Gaza suka tasa a gaba a zagayen Sifaniya har aka kasa kammala zangon ƙarshe a Madrid. Raina bai so wannan komawar ba, ko da an sake suna da tuta. Amma na tuna cewa ƙafa ba ta daɗewa, kuma ba ni zan ciyar da iyalinsa ba.

Mu a Najeriya ba mu ma kai ga wannan rigimar ba. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta shiga tseren cikin fili ne da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Mutanen Burkina Faso kuwa tun 1987 suke da zagayen ƙasarsu.

Namu tseren bai mutu da faɗa ba. Ɗan kawuna ya yi wa mai hayar gindin tsamiya rani biyu masu kyau, shi da almajirin Kambaza suka riƙa yi wa juna ci da ramuwa, har manya suna barin hira su fito kallo. Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, naira ta faɗi, taya da tub da boris suka yi tashin gwauron zabo. Mai hayar da ke kirga kuɗin kowace taya ba zai ba yaro keke ya je ya kashe a kan tsakuwa don suna ba. Dattijon bakin kasuwa ya fara sayar da nasa ɗaya bayan ɗaya. Na gindin tsamiya ya koma sayen Phoenix na ƙasar Sin, masu araha, ya ce daga yau kowa ya biya, gwani da ɗan koyo. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, ma'aikata suka cika Birnin Kebbi, samari suka bi su da babura. Ɗan kawuna yana cikinsu. Ya yi shekaru yana kabu-kabu da babur ɗin wani Alhaji, kullum da magariba ya kai balas, kafin ya samu nasa.

Da na je gida sallar da ta wuce na nuna masa Girmay a waya, yana tsallake layi da hannu sama. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana duban keken, ba mutumin ba. Ya tambayi nauyinsa, na ce bai kai kilo takwas ba. Ya girgiza kai.

"Nashi na, ko na mai gida?"

Na ce na ƙungiya ne. Idan kwantiragi ya ƙare yakan mayar, kuma ko ya riga ya sa hannu a wani wuri, rigar tsohon gidan zai ci gaba da sawa har 31 ga Disamba.

"To ai da sauƙi," in ji shi. "Shi ko an tambaye shi kahin a kai shi."

Ya miƙo mini wayar, ya tashi ya tafi duba injin ban-ruwansa a fadama, don albasa ta fara neman ruwa.