Yawon ganin Kano da goyo a baya

Tun tana budurwa a Gusau take kallon Kano a kaset, har ta haddace sunayen unguwanni. Da ɗanta ya cika wata 5, sai maigida ya cika alkawari: Asabar da Lahadi a birnin Dabo. Matsala ɗaya, bazara ce.

Ranar Asabar da safe suka fara da Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sannan marinar Ƙofar Mata. Yaro dai barcinsa yake yi.

Da rana ta take, ta dage sai an hau Dutsen Dala, mazaunin Barbushe. Maigida ya ce, “Haba, ki bari rana ta yi sanyi mana.” Ina! Ba su kai rabi ba yaro ya tsanyare da kuka, jiki zafi rau. Hankalinta ya tashi.

Da suka sauko, wata tsohuwa ta ja ta zaure, ta sa ta kwance goyon ta ba shi nono, tana yi masa fifita. Ta ce, “'Yar nan, Dala ba inda za shi. Ɗan ne ba ki da kamarsa.”

Ranar Lahadi ko ƙofar masauki ba ta leƙa ba sai bayan la'asar. Suka tsaya a gindin dutsen, mai hoto ya ɗauke su. Ba ta ga Kano daga sama ba, amma ta koma Gusau da ɗanta yana dariya.