Allura Ta Tono Garma

Duk magidancin da ya taɓa kiran birkila domin ya toshe masa tsagar bango, ko ya kai mota gareji saboda ɗigon ruwa, ya san cewa aikin da aka ce na yini ɗaya ne ba safai yake ƙarewa a yini ɗaya ba. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan hali suna, suka ce allura ta tono garma. Sai dai karin maganar ta tsaya ne a kan mamakin abin da aka tono. Ba ta faɗa mana abin da ke sa mai allurar, bayan ya ga garma da idonsa, ya ci gaba da tono har ya aika a sayo masa diga da shebur ba.

A ƙasarmu ta Kajuru, kimanin kilomita 45 daga Kaduna, akwai shaidar wannan hali a tsaye bisa dutse. A cikin shekarun 1980 wani Bajamushe mazaunin Kaduna, mai suna Gerhard Huebner, ya gina wa kansa gidan hutu da duwatsun wurin, ya yi shi da siffar gidajen sarakunan yaƙi na ƙasar Bafariya: ga hasumiyoyi, ga ɗakin makamai, ga kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ga wurin ninƙaya, har da ramin kadoji. Shi ne ginin da 'yan boko ke kira Kajuru Castle. Mai neman wurin da zai miƙe ƙafa ranar Asabar ɗaki biyu da rumfa sun ishe shi, saboda haka duk abin da ya haura wannan sha'awa ce ta gina shi. A can ƙasarsu ma an yi wanda ya riga shi, wato Sarki Ludwig na Biyu na Bafariya, wanda ya aza harsashin fadar Neuschwanstein a 1869, ya yi ta ƙara hasumiya a kan hasumiya da bashi a kan bashi, har aka tuɓe shi a 1886, ya mutu a cikin wannan shekara ginin bai kammala ba. Shi na Kajuru ya gama nasa. Amma katangar da aka yi don ado ba ta tsare kowa ranar da aka buƙace ta ba, domin a watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun afka wa wurin, suka kashe baƙi biyu. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Mu da ba mu da dutse ko kuɗin Jamus, tamu hasumiyar takan zo ne da taya huɗu. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini Fijo 504, irin waɗanda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975. A ƙarshen 2021 lagiretonta ya fara yoyo, na kai ta wajen wani dattijon bakanike da nufin a liƙe, in ɗauko ta da la'asar. Da ya sauke lagireton sai ya kira ni gefe, ya ce, "Malam, tun da an riga an buɗe, ka dubi famfon ruwan nan." Wannan kalma ta "tun da an riga an buɗe" ita ce uwar dukkan abin da ya biyo baya, kuma gaskiya ya faɗa. Famfon ya ci, bel ya tsattsage. Da aka sa sababbi injin ya samu ƙarfin da tsofaffin ringi ba su iya ɗauka, sai hayaƙi ya tashi, aka sauke injin ɗungurungum. Injin da ya koma sabo kuwa ba a ɗora shi a kan mataccen kuloci, motar da ke gudu kuma dole a gyara mata birki. Daga nan na san hanyar kasuwar Panteka kamar hanyar ajina, na kuma koyi bambanta kayan asali da na jabu ta nauyinsu a tafin hannu.

A nan ne, a ganina, asirin al'amarin yake. Tsofaffin abubuwa suna zaune ne bisa wata yarjejeniya ta rufa wa juna asiri. Kowane ya gaji daidai gajiyar ɗan'uwansa, don haka babu mai tona wani. Ranar da ka shigo da sabo guda ɗaya a cikinsu, ka rushe wannan zaman lafiya. Sabon fenti shi ke nuna cewa kushin ya yage, sabuwar ƙofa ita ke nuna cewa bango ya karkace. Mu malaman adabi mun san haka a wajen gyaran rubutu, domin wanda ya gyara baiti ɗaya a tsohuwar waƙarsa yakan wayi gari yana sake waƙar baki ɗaya.

To amma waƙa takarda da tawada kawai take ci. A watan Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, albashi ya tsaya, motar kuma tana kan duwatsu babu taya, cikinta a buɗe. Maiɗakina, wadda ke riƙe da lissafin gida a wani littafin makaranta mai layi, ta buɗe wa motar shafi nata na daban. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Wani dare dai ta ajiye littafin kusa da kwanon tuwona, ta ce, "Malam, wannan shafin na mota ne, wannan kuma na kuɗin makarantar yara. Ka duba ka gani." Na duba. Wannan shi ne ɓangaren da masu ba da labarin irin waɗannan ayyuka cikin raha suke tsallakewa: mai sha'awar shi ke jin daɗin tonon, amma ƙasar da yake watsowa a kan mutanen gidansa take sauka. Na dakatar da aikin har aka biya kuɗin zango, amma ban sayar da ita ba, kuma har yau ina da hujjata. A kujerar bayan motar nan aka ɗauko ni daga Kajuru zuwa makarantar kwana, kuma akwai wani ƙamshi na kushin da ƙura da ba ya cikin kowace Tokumbo.

Game da gida kuwa, ina ganin mun ɗora wa kanmu wata kunya da kakanninmu ba su sani ba. Gidan Bahaushe na ƙasa ba a taɓa cewa an gama shi. Da tubali da azara ake tayar da ɗaki, bayan damina a yi yaɓe, idan ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, idan an yi baƙo mai daɗewa a ƙara shigifa, idan ɗaki ya faɗi a kwaɓa ƙasarsa a tayar da wani. Gida yana girma ne tare da mutanensa, babu kuma takardar da za a auna shi da ita a ce ya wuce tsari. Siminti da zanen injiniya su suka kawo mana ranar gamawa, suka kuma kawo kango mai rodi a tsaitsaye yana tsatsa. Wani baffana a Kasuwan Magani ya kira birkila ya yi masa dakali a ƙofar gida, don ya riƙa zama da yamma. Rana ta dame shi, aka yi rumfa. Iskar damina ta kwashe rumfar, aka tayar da bulo aka aza kwano, dakali ya zama zaure. Da zauren siminti ya tsaya a gaban katangar ƙasa sai katangar ta zama abin kunya, aka rushe ta. Yau shekara bakwai ke nan, an yi ɗakuna uku, biyu sun kai linta sun tsaya, shi kuwa Baffa da la'asar a kan tabarma yake zama ƙarƙashin bishiyar mangwaro, domin zauren cike yake da buhunan siminti da katako. Idan aka tambaye shi yaushe za a gama, sai ya yi dariya ya ce ai yaran ba su gama girma ba. Ina jin shi kaɗai ne a cikinmu yake gini da bulo amma da lissafin tubali.

Ita kuwa Fijo ta sauka daga kan duwatsu a tsakiyar watan Mayun 2023, fara tas, injinta na kaɗawa kamar agogo. Bayan mako biyu, ranar 29 ga watan, aka sanar da janye tallafin man fetur, farashin lita ya ninka har ya wuce. 504 kuwa ba ta san tsimi ba. Yanzu ranar Juma'a kaɗai nake fito da ita zuwa masallaci, sauran kwanaki tana ƙarƙashin wata rumfar kwano da na sa aka kafa mata don kada rana ta ci fentin. Kafintan da ya kafa rumfar ya ce mini ƙasan wurin yana son daɓen siminti, saboda damina.