Yini Guda A Bakin Kogin Test, Inda Ake Kama Kifi A Sake Shi

Tun da na sauka daga jirgin ƙasa a tashar Winchester, tafiyar kimanin awa ɗaya daga birnin Landan, abokina da ya zo tarye ni, wani likita ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana aiki a Southampton, ya ja mini kunne. Ya ce, "Malam, in mun isa bakin ruwa kada ka tambayi kowa nawa ake sayar da kifin. Ba sayarwa suke yi ba, galibi ma ba ci suke yi ba." Ni kuwa na ɗauka ba'a ce irin ta abokai, na yi dariya muka shiga mota. Wannan a makon ƙarshe na watan Mayu ne na 1445 ta Hijira, watau 2024, kuma wani abokin aikinsa Bature ne mai rabo a wani yanki na Kogin Test ya gayyace mu yini guda.

Daga Winchester zuwa Stockbridge bai kai mil 10 ba. Garin ɗan ƙarami ne, kusan a ce titi ɗaya ne dogo mai faɗi, da kantuna da gidajen jan bulo dama da hauni. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne rassan kogin da suke ratsawa ta ƙarƙashin titin nan a wurare da dama. In mutum ya leƙa sai ya ga kifaye masu tsawon kamu ɗaya suna tsaye cikin ruwa, kai ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, wutsiya na kaɗawa a hankali, yara na jefa musu gutsattsarin burodi, babu mai kai musu hannu. Sunan kifin tirawut, jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne da ɗige-ɗige baƙaƙe da jajaye. A ƙarshen titin akwai wani tsohon gida da har yanzu ake iya karanta rubutun harshen mutanen Wales a bangonsa, domin a zamanin da nan ne zangon masu koro dabbobi daga Wales zuwa kasuwannin kudancin Ingila. Duk wanda ya san zangon fatake ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kogin Test ba babba ba ne. Tsawonsa mil 40 ne, ya taso daga kusa da Basingstoke ya faɗa teku a Southampton, kuma a wurare da yawa yaro zai iya jefa dutse ya ƙetare shi. Darajarsa a ruwansa take. Ƙasar wannan yanki dutsen alli ce, tana shanye ruwan sama kamar soso, ta tace shi wata da watanni, sa'an nan ya ɓuɓɓugo daga ƙasa garau, da sanyinsa wajen digiri 10 ko da rani ko da hunturu. Shi ya sa ba ya yin ja in an yi ruwa, ba ya ƙafewa da sauri in an yi fari, ciyawar ruwa da ƙwari kuma suna yabanya a ciki. Irin waɗannan koguna na alli ba su wuce 200 da ɗoriya ba a duniya duka, kuma mafi yawansu a Ingila suke.

To, a nan ne mai karatu zai fara ganin inda gizo ke saƙar. A dokar Ingila, wanda ya mallaki gaɓar kogi irin wannan shi ne ya mallaki ikon kamun kifin da ke gabanta, yana iya sayar da wannan iko ko ya ba da haya kamar yadda ake ba da hayar gona. Saboda haka an yayyanka Kogin Test gunduwa-gunduwa, kowane yanki da mai shi, da ƙyaurensa, da allon gargaɗi. A lokacin da muka je, wanda shi ne tsakiyar kakar kamun, kuɗin yini guda na mutum ɗaya a yankuna masu suna yakan kai ɗaruruwan fam, ban da lasin na hukuma wanda dole kowa ya yanka. A tsakiyar Stockbridge akwai masaukin Grosvenor, inda ƙungiyar masu fatsa ta Houghton take da ɗakin taronta. An kafa ta a 1822, 'yan ƙungiyar kuwa ba su wuce 25 ba, kuma kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum. Suna da littattafan da suke rubuta kifin da aka kama tun daga zamanin kakanninsu. Mutum uku na gida ɗaya, gidan Lunn, kaka da ɗa da jika, su suka riƙe musu aikin kula da ruwa fiye da shekara 100. Na tuna da Sarkin Ruwa na Argungu da yadda ake tsare Matan Fada har ranar biki, sai dai can in an buɗe ruwa dubban mutane ne ke afkawa da homa da gora, nan kuwa ko an buɗe, ɗan garin da aka haifa a bakin kogin yana iya tsufa bai taɓa jefa ƙugiya a ciki ba.

Mai masaukinmu ya damƙa mu ga mai kula da yankin nasu, wani dattijo mai jar fuska da hular ciyawa, wanda ya shigar da mu wata bukka ta katako ya baje mana kayan aiki a kan tebur. Sandar tsawonta ƙafa 9, siririya, an yi ta da zaren gawayi irin na masana'antu, ba ta fi nauyin cokali biyu ko uku ba a hannu. Ya nuna mana ta mahaifinsa da ke rataye a bango, wadda aka yi da gorar kudancin ƙasar Sin, an tsaga ta tsaga shida an fere an manne. A gindin sandar akwai kwarkwaro na ƙarfe wanda aikinsa kawai ajiye igiya. Igiyar kuwa mai kauri ce, an lulluɓe ta da roba don ta yi yawo a bisa ruwa. Da can da siliki ake yin ta, kafin siliki kuma da gashin wutsiyar doki. A bakinta an ɗaura tsarkiyar nailan mai tsawon sandar, wadda take sirancewa har ta koma kamar silin gashi.

A ƙarshen tsarkiyar nan ake ɗaura abin da ya ba wannan sana'a sunanta, watau ƙudan ƙarya. Babu tana, babu gari, babu wani koto da kifi zai ci ya ji daɗi. Ƙugiya ce ƙarama aka naɗe da zare da gashin wuyan zakara da gashin agwagwa ko na barewa, har ta ɗauki siffar ƙwaro da fukafukansa da ƙafafunsa. Dattijon ya buɗe wani akwati kamar na taba, ga su nan jere sun fi ɗari, kowanne da sunansa da watan da ake amfani da shi. Wasu shi ya ɗaura da hannunsa da hunturu, wasu kuwa saye ya yi, ya ce da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kantunan Ingila a Kenya ake ɗaura su. Kenya ma tana da wannan kifi a kogunan tsaunukanta tun 1905, lokacin da Turawan mulki suka kai shi, kamar yadda aka ɗauki ƙwansa cikin ƙanƙara daga Ingila zuwa Tasmaniya a 1864.

Tun da ƙudan nan ba shi da nauyin da zai kai kansa tsakiyar ruwa, igiyar ce ke kai shi. Mutum zai ɗaga sanda ya wurga igiya baya, ya dakata ɗan ƙiftawar ido har ta miƙe a iska, sa'an nan ya turo ta gaba ta warware a bisa ruwa, ƙudan ya sauka a hankali kamar an ajiye shi da yatsa. Dakatawar nan ita ce dukan sirrin, ita ce kuma na kasa. Hannuna ya saba da bulala, sai in fizgo tun igiya ba ta miƙe ba, ka ji ƙas, ƙuda ya tsinke ya tafi. Kafin azahar na ba itatuwan bayana ƙudaje uku, na kama hular Likita sau ɗaya. Dattijon bai yi dariya ba ko kaɗan, abin da ya fi dariyar ciwo.

Wajen ƙarfe uku na yamma sai kogin ya canja. Da farko ɗaya, can biyu, kafin a jima iska ta cika da wasu ƙwari masu launin madara da dogayen wutsiyoyi uku, suna fitowa daga cikin ruwa. Wanda ya taɓa ganin fitar shinge bayan ruwan farko ya ga kwatankwacinsa. Wannan shi ne ƙwaron Mayu. Yakan yi kimanin shekara biyu yana tsutsa a cikin lakar gindin kogi, ranar da ya taso ya yi fukafukai kuwa ba shi da bakin cin abinci, abin da ya rage masa kwana ɗaya ne ko biyu, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a ruwa, su mutu. Tsuntsaye na kai sura daga sama, kifaye na tasowa daga ƙasa, ko'ina ka duba sai zobban ruwa suna buɗewa. Turawa suna kiran waɗannan makonni biyu da sunan da ke nufin makonnin marasa gwaninta, wai a lokacin kifi yakan haukace har wanda bai iya ba ya samu. Na gane dalilin da ya sa aka zaɓa mini wannan mako.

Amma ko a lokacin haukar akwai ƙa'ida. Ba a jefawa barkatai. Sai ka ga kifi takamaimai yana tasowa, ka laɓaɓo ta bayansa a durƙushe, ka jefa ƙudan a gabansa ta sama, ruwa ya kawo masa shi yana yawo a bisa. Wanda ya kafa wannan tsari shi ne Frederic Halford, wanda ya wallafa littattafansa masu tasiri a 1886 da 1889, bukkarsa ta kamun kifi kuma tana nan a Mottisfont a bakin wannan kogi. Daga baya wani lauya mai suna George Skues, wanda yake kamu a Kogin Itchen kusa da Winchester, ya lura cewa yawancin abincin kifin a ƙarƙashin ruwa yake cinsa, watau tsutsar ƙwaro kafin ta yi fukafukai, sai ya soma ɗaura ƙudan da ke nutsewa, ya rubuta littafi a kai a 1910. Almajiran Halford suka ce wannan ba halin dattako ba ne. Gardama ta yi tsawo har aka yi zaman muhawara a kanta a Landan a 1938, a shekarar nan kuma Skues, yana da shekara 80, ya bar ruwan da ya yi fiye da shekara 50 yana kamu a ciki. Har yau akwai yankunan da ba a yarda da ƙudansa ba sai kaka ta yi nisa. Mutum zai yi mamakin manyan mutane su ɓata a kan inci biyu na zurfin ruwa, amma ni dai ban ga ƙasar da ba ta da irin tata gardamar ba.

Da muka zauna shan shayi ne dattijon ya saki jiki. Ya ce kyan da muke gani ba haka kogin ya tashi da shi ba, aikin hannu ne. Su ne ke shiga ruwa har ƙugu da lauje mai doguwar ƙota su yanke ciyawa a ranakun da aka tsayar, su gyara gaɓa, su wanke tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai. Kifayen ma da yawansu a tafkunan kiwo aka rene su aka zuba don masu biyan kuɗi kada su koma hannu rabbana, kuma tun 2015 doka ta ce irin waɗanda ake zubawa su zama waɗanda ba sa haihuwa, don kada su gurɓata jinin na asali. Abin da ke hana shi barci kuwa ruwan ne kansa. Daga kogin nan da na Itchen, da kuma ƙarƙashin allin da ke ciyar da su, ake jan ruwan famfon Southampton da kewaye. A farin 2022 ruwan ya ja baya har aka hana mutanen Hampshire ban ruwan lambu da tiyo. Ga kuma ƙazanta. A 2021 kotu ta ci kamfanin ruwa na yankin, Southern Water, tarar fam miliyan 90 saboda zubar da ruwan masai ba bisa doka ba a gaɓar tekun kudu, a farkon 2024 kuma masu kula da kogi, mutanen da ba a san su da hayaniya ba, suka fito da kwalaye suka yi zanga-zanga a bakin matatar Fullerton saboda abin da ke kwarara cikin Test. Ya ce ƙwarin da na gani na yi mamaki, a ƙuruciyarsa sun fi haka nesa ba kusa ba. Mai gaɓa yana iya kulle ƙyaurensa ya hana maƙwabci shiga, amma abin da aka zuba a sama zai biyo ruwa ya same shi.

Rana ta yi sanyi lokacin da rabona ya zo. Wani kifi yana tasowa a gindin wani reshe, ni kuma a karo na ban san nawa ba hannuna ya dakata inda ya kamata. Ƙudan ya sauka, ya yi tafiyar kamu biyu, sai wani baki ya buɗe ya ɓace da shi. Dattijon ya raɗa mini in ƙirga biyu kafin in ɗaga. Na ɗaga, sanda ta lanƙwashe kamar baka, kwarkwaro ya yi ƙara, kifin ya nufi ciyawa. Mun yi minti uku ko huɗu muna ja-in-ja kafin ya shigo ƙaramar komar da dattijon ya tara masa. Ya duba fiffikensa da wutsiyarsa ya ce wannan haifaffen kogin ne, ba na kiwo ba, don haka babu maganar ɗauka. Ya sa na jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, ya zare ƙugiyar wadda dama an danne mata ƙaya, ya ce in riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar sama har ya dawo hayyacinsa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, hannuna bai so buɗewa ba. A gidanmu kifi irin wannan miyar mutum biyar ce, kuma har yanzu ban gama yanke hukunci a raina ba ko wahalar da dabba don nishaɗi a sake ta ya fi kama ta a ci. Amma na ji yadda ƙarfinsa yake dawowa a tafin hannuna kaɗan-kaɗan, sai ya yi wata girgiza guda ɗaya, ya sulale ya koma gindin reshensa.

A hanyar komawa yunwa ta kama mu, Likita ya tsaya a wani kanti a Winchester ya sayo mana soyayyen kifi da dankali a cikin takarda. Na tambayi mai kantin ko na Test ne. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce na teku ne, daga can arewa ake kawo shi a daskare.