Sammakon kamun tenci a karkarar Norfolk

A tsakiyar watan Yuni daren Ingila gajere ne ƙwarai. Na idar da sallar asuba ke nan, ƙarfe uku da 'yan mintoci, sai ga maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, yana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali don kada ya tashi unguwa. Za mu kamun wani kifi da ake kira tenci. Muka bar birnin Norwich muka nausa arewa ta ƙananan hanyoyin da shingen itatuwa ya matse, zomaye na gilmawa a hasken fitila. Kafin gari ya gama wayewa mun isa wata gona. Muka zura kuɗin wuni cikin akwatin da mai gonar ya rataye a ƙyaure, babu mai gadi balle mai ƙirgawa.

Tun jajibiri ya sa na sayi lasisin fatsa ta intanet. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da wannan takarda ta Hukumar Kula da Muhalli zai jefa ƙugiya a ruwan daɗi, wanda aka kama babu ita kuwa tararsa tana iya kai fam 2,500. An kuma hana irin wannan su a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, lokacin da kifi ke saka ƙwai. Yawancin tafkuna an cire su daga hanin tun 1995, amma tsofaffi irin abokin tafiyata har gobe 16 ga Yuni suke jira.

Tafkin ƙarami ne, bado ya rufe rabinsa, hazo na kwance a kan ruwa. Abin da dattijon ya fara yi shi ne ɗaure manjagara da igiya, ya wurga cikin ruwa, ya riƙa jawo ciyawa da laka. Na ce, "Baba, ai ka kori kifin." Ya ce sauran kifaye za su gudu, tenci kuwa zuwa zai yi, don cikin laka yake kiwo, kuma manjagara ta tono masa abinci. Ya watsa masarar gwangwani da tsutsa a wurin, ya soka tana a ƙugiya, muka zauna.

Daga nan sai jira. Ya nuna mini wasu ƙananan kumfa da ke tasowa a jere, ya ce alamar tenci ne yana tonon ƙasa. Ɗan tsinken da ke shawagi a kan ruwa shi ne idon masunci. Ya daidaita shi da ɗan dalma guda a kusa da ƙugiya, ta yadda in kifi ya ɗaga koto daga ƙasa, tsinken zai taso sama ya kwanta maimakon ya nutse. Haka kuwa aka yi. Na fizga, sanda ta lanƙwashe, kifin ya kutsa cikin bado da ƙarfin da ban zata ba, dattijon yana ta raɗa mini in sassauta kada zaren ya tsinke.

Da muka ɗebo shi a koma na ƙare masa kallo. Jikinsa kore ne mai duhu, cikinsa rawaya-rawaya, ga ƙananan jajayen idanu, ga yauƙi kamar na tarwaɗa. Saboda wannan yauƙi Turawan zamanin da suka ɗauke shi likitan kifaye, wai kifaye marasa lafiya na goga jiki da shi su warke. Izaak Walton ya kawo zancen a littafinsa na su na 1653. Camfi ne, amma dattijon ya ba ni labarin da fuskar wanda bai gama ƙaryatawa ba. Namu bai kai kilo 2 ba. Mafi girman da aka yi wa rajista a Birtaniya ya kusa kilo 7, Darren Ward ya kama shi a 2001.

Sai ya jiƙa hannu, ya shimfiɗe kifin a kan tabarma mai laushi, ya zare ƙugiya, ya mayar da shi ruwa. Raina ya sosu, don tuni na fara lissafin barkono da albasa. Haka ƙa'idar take: kifin tafki na mai tafki ne, ba a tafiya da shi sai da izininsa. Tenci ba ya saurin girma, ruwan kuma ɗan kaɗan ne, in kowa ya tafi da nasa, damina biyu ta isa a ƙarar da su. A nan na ba masu wannan ƙa'ida gaskiya, ko da yake wanda su ne abincin gidansa ba zai iya wannan alfarma ba.

Wajen ƙarfe tara rana ta ɗaga, kumfa ta ɗauke, muka tattara kaya. Duk ɗan uwan da ke karatu ko aiki a ƙasar, in an gayyace shi kamun tenci, ya je cikin Yuni ko Yuli, ya yi sammako, ya sa rigar sanyi, kuma ya riƙe guzurinsa daga gida.