Ɗan Mai Tafireta da Na'urar Fassara

A bakin gidan waya na wani gari a ƙasar Hausa, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, akwai wani dattijo da ya shafe fiye da shekara ashirin yana rubuta wa jama'a wasiƙa. Jarinsa duka bai wuce tebur da benci da tafireta ba, sai kuma abin da ya fi su daraja, wato sanin yadda ake shirya magana. Mai neman aiki ya zo, mai ƙarar gona ya zo, tsohuwar da ɗanta ya daɗe a Ikko bai aiko ba ita ma ta zo ta zauna ta amayar da abin da ke cikinta. Shi kuwa sai ya saurara, ya zubar da tsakuwa, ya bar tsaba. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita ya sa 'ya'yansa makaranta. A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, kuma ba a jima ba benci ya zama wayam. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya yi masa laifin da zai kai ƙara. Mutane ne kawai suka daina zuwa.

Ɗansa na uku yana karatun Hausa a jami'a, kuma tun yana aji biyu yake ɗauke wa kansa kuɗin makaranta da aikin fassara. Wata ƙungiya mai wayar da kan jama'a game da lafiya takan aiko masa da takardu cikin Turanci ya mayar da su Hausa, a biya shi gwargwadon yawan kalmomi. Wata rana sai saƙo ya zo cewa tsari ya sake: daga yanzu na'ura ce za ta yi fassarar, shi nasa gyara ne, ladan kuwa bai kai rabin na da ba. A daren nan saurayin ya daɗe yana kallon tafiretar mahaifinsa, wadda aka lulluɓe da tsohon zane a kan kabad.

Abin bai zo masa ba zato ba tsammani ba. Tun a ƙarshen 2013 Google Translate ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, amma a lokacin abin dariya ne ga duk wanda ya san harshen. Da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, sai maganar ƙirƙirarriyar basira ta bar ɗakunan masana ta shigo majalisar masu shayi. Irin wannan na'ura ba ta jin magana yadda ɗan Adam yake ji. An ɗura mata rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa, daga cikinsu take kintatar kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Da yake rabon Hausa a cikin abin da aka ɗura ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da na Turanci, sai tuntuɓenta ya yi yawa.

Saurayin kuwa ya ji daɗin wannan tuntuɓe ƙwarai, har ya buɗe littafi yana tara kurakuran. A wata takarda ta masu juna biyu, na'urar ta yi ta ce wa mace ka zo awo, ka sha magani, domin kalmar Turanci ta wanda ake magana da shi ba ta raba namiji da mace. Ta kasa bambanta kawu da baffa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama duk ɗaya ne a idonta, haka ma kukan yaro da kukar miya. Mafi muni, ba ta da kunya. Abin da Bahaushiya za ta sakaya a gaban surukarta, na'urar sai ta faɗe shi ɓaro-ɓaro, kuma takardar da aka ji kunyar karantawa a tsakar gida ba ta kai saƙo ko'ina ba. Ya kai littafin nan wurin wani malaminsa yana murmushi, yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, wannan ce za ta ƙwace mana abinci?"

Malamin ya duba littafin a tsanake, sannan ya ce masa ya riƙa sa kwanan wata a gefen kowane kuskure. Shawarar ke nan, ba ƙari. Bayan zango biyu saurayin ya ga abin da Malam ya hango: shafukan farko cike suke, na baya-bayan nan kuwa sai layi biyu ko uku. Wani tunani kuma ya hana shi barci, wato ko gyaran da yake yi shi ne abincin da ake ciyar da na'urar. Yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba ta ce uffan a kan inda gyaran yake zuwa ba, shi ma bai tambaya ba. In haka ne, ashe kura yake kiwo da hannunsa.

Daga nan ya fara shiri, amma shirin farko na kansa ne kawai. Ya koma wa nahawu da ilimin karin sauti, darussan da a da yake karantawa don jarrabawa. Ya koyi sarrafa na'urar ita kanta, domin ƙin sanin abokin gaba ba jarumtaka ba ce. Lokacin hutu yakan zauna wurin maƙera da majema da unguwarzoma yana rubuta kalmomin sana'arsu, waɗanda da yawansu ba su taɓa hawa takarda ba, balle na'ura ta gan su. Ya kuma karɓi aikin tafinta a wani asibiti sau biyu a mako, inda dole a dubi fuskar majiyyaci kafin a san ko e ɗin da ya ce na yarda ne ko na kara. Duk wannan shiri ne mai kyau, sai dai yana da iyaka. Mahaifinsa ma ai gwani ne, ba rashin iyawa ne ya tashe shi daga gindin darbejiya ba.

A nan ne ya fara duba yadda wasu suka yi a wasu ƙasashe. A Amurka, marubutan fina-finai sun yi yajin aiki na kwana 148 a shekarar 2023, kuma cikin abin da suka samu akwai sharaɗin cewa ba za a tilasta wa marubuci amfani da na'urar ba, kuma in aka ba shi rubutun da na'ura ta yi, wajibi ne a gaya masa. Ba su hana ta zuwa ba, sun dai shata mata iyaka. A farkon wannan shekarar mujallar Time ta ba da labarin wasu ma'aikata a Nairobi da aka biya ƙasa da dala 2 a awa don su tace munanan rubuce-rubuce saboda a tarbiyyantar da ChatGPT; a watan Mayu kuma masu irin wannan aiki suka taru a birnin suka amince su kafa ƙungiya. Tarayyar Turai ta yi dokar ƙirƙirarriyar basira wadda ta fara aiki a 2024. Nijeriya ma ta sami dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka a takarda kamar bindiga ce a rataye, sai an sami mai ɗauka. Abin da ya lura da shi shi ne, duk inda ma'aikaci ya sami wani abu, ba shi kaɗai ya je nema ba.

Masu fassarar Hausa kuwa a warwatse suke, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa inda yake samun aiki da nawa ake biyansa. Ya nemi waɗanda ya sani, ya kawo shawarar su rubuta takarda guda: a bayyana musu inda gyaransu yake zuwa, a biya dabam in za a koyar da na'ura da shi, kuma kada takardar magani ta fita sai ɗan Adam ya duba ya sa hannu. Wasu suka ce tsokanar tsuliyar dodo ce. Wani ya ce masa a fili, in ya ƙi aikin akwai goma da za su karɓa kafin la'asar, kuma gaskiya ya faɗa.

Da ya je gida hutu sai ya karanta wa mahaifinsa takardar. Dattijon ya saurara ido a rufe, yadda yake yi a da, sannan ya ce, "Ɗan nan, kuka ya yi yawa a ciki. Cire sakin layi na farko. Faɗi abin da kuke so, ɗaya, biyu, uku, ka bar fili mai yawa a ƙasa don sa hannu." Ya ce, "To, Baba." Suka gyara ta tare a kan tabarma har aka kira sallar isha'i.

Mutum goma sha ɗaya suka sa hannu, huɗu suka ƙi. An aika da takardar tun kafin a koma makaranta, amma amsa ba ta zo ba tukuna. Abin da ya zo shi ne sabon aiki daga ƙungiyar, shafi talatin a kan rigakafin ƙyanda, a tsohon farashin gyara, ana so kafin Litinin. Kuɗin rajistar zango na biyu kuwa ranar Laraba za a rufe karɓa.