Paris, Birnin Da Ke Kafa Wa Gwara Akwati

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Paris, babban birnin ƙasar Faransa, wannan magana ta faɗa kan wata ƴar tsuntsuwa, domin an bi bangaye an liƙe tsagarsu, ita kuwa ta rasa wurin sheƙa. Tsuntsuwar ita ce Faransawa ke kira moineau, ƴar'uwar gwarar nan da ke shawagi cikin gidajen Maraɗi da Damagaram, sai dai namijin ta Turai yana da baƙin tabo a maƙogwaro kamar gemu. Tsawonta wajen santimita 15 ne, nauyinta kuma wajen giram 30. Ga mutumin da ya tashi inda ake wuni a gona ana korar jan baki daga gero, labarin hukumar da ke raba wa tsuntsu akwatin zama kyauta zai yi kama da almara. Amma fa gani ya kori ji.

Baƙon da ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord, in ya miƙe arewa da ƙafa, ba zai jima ba zai iske unguwar Château Rouge, cikin gunduma ta 18 daga gundumomi 20 na birnin. Nan ne kasuwar titin Dejean, inda ƴan Afirka ke sayen kifi da kuɓewa da rogo da manja. Tantabaru sun cika ko'ina, suna tafe tsakanin ƙafafun mutane babu tsoro. Gwara kam sai an neme ta. Wanda ya kasa kunne zai iya jin kukanta cikin wani shinge ko bayan wani tsohon gini, daga nan kuma ya yi tafiya mai nisa bai sake jin ko ɗaya ba. Alhali a da babu teburin shan kafe a bakin titi da ba ta sauka ta tsinci ɓarɓashin burodi.

Tarihin gwara da na birnin a haɗe suke. A farkon ƙarni na 20 dawaki ne ke jan karusai da motocin haya na Paris, kuma duk inda doki ya ci ko ya yi kashi, ƙwayar hatsi na nan zube. Motar haya ta ƙarshe da dawaki ke ja ta daina aiki a watan Janairu na 1913, da tafiyarta kuwa gwara ta yi asarar babban rumbu. A wancan zamani wani dattijo mai suna Henri Pol ya yi suna a lambun Tuileries, inda tsuntsaye ke sauka bisa hannunsa suna ci, har aka riƙa buga hotonsa a katin gidan waya. A bakin talakawan birnin sunan gwara piaf, kuma da shi aka yi wa shahararriyar mawaƙiyar nan Édith Piaf laƙabi a 1935, saboda ƙanƙantar jikinta da kuma yadda ta fara waƙa a kan titi. Rumbu na biyu ya rufe a 1969, lokacin da aka kwashe babbar kasuwar abinci ta Les Halles daga tsakiyar gari aka kai ta Rungis, kudu da birnin. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa in kasuwa ta tashi, masu ci a gefenta ma sun tashi.

Duk da haka gwara ta yi ta lallaɓawa har ƙarshen ƙarnin. Abin da ya tada hankalin masana shi ne ƙidayar da aka soma a 2003. Ƙungiyoyi biyu na masu kula da tsuntsaye, LPO wadda aka kafa tun 1912, da CORIF ta yankin Paris, suka tura masu aikin sa kai suna tsayawa wurare ɗaya kowace shekara suna ƙirga abin da suka gani da abin da suka ji. Da aka haɗa lissafi, sai aka iske tsakanin 2003 da 2016 birnin ya rasa kashi 73 bisa 100 na gwararsa. Wato cikin kowane huɗu, wajen uku sun tafi a shekara 13 kawai. Ƙidayar ta nuna wani abu kuma: gwara ta fi yawa a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi na gabas da gefen gari, ta fi ƙaranci inda gidaje ke da tsada. Unguwar da masu hali suka shiga suka gyara, kuɗin haya ya hau, tsuntsuwar kan bi sawun tsofaffin ƴan haya ta fita.

Dalilin farko yana jikin bango. Gwara ba ta saƙa sheƙa a reshe kamar yadda wasu tsuntsaye ke yi, rami take nema: ƙarƙashin rufi, bayan indararo, ko inda dutse ya zame daga gini. Doka ta ɗora wa masu gidaje a Paris gyaran fuskar gininsu duk shekara goma. Bayan wannan kuma ga aikin toshe kafofi don kada zafin ɗaki ya tsere da hunturu, abin da ke rage kuɗin wuta da na gas. Duka biyu aikin kirki ne ga ɗan Adam, sai dai magini in ya gama ba ya barin ko kafar da yatsa zai shiga. Sabbin benaye kuwa na gilashi ne da ƙarfe da siminti, sumul tun daga ƙasa har sama. Dokar Faransa ta sa gwara cikin tsuntsayen da aka hana kashewa ko rushe sheƙarsu, amma sau da yawa mai aiki bai ma san akwai sheƙa bayan abin da yake liƙewa ba.

Dalili na biyu abinci ne, kuma shi ya fi wuyar gani. Babbar gwara hatsi take ci, da ƴaƴan ciyawa, da duk abin da ya faɗo daga hannun mutane. Ƴaƴanta kuwa a kwanakinsu na farko sai da ƙwari: darɓa, da ƙananan tsutsotsi, da gizo-gizo. Uwar kan yi ƙwai huɗu ko biyar, ta kwanta musu wajen kwana 12, ƴaƴan su yi mako biyu da ƴan kwanaki kafin su tashi. Daga watan Afrilu zuwa Agusta takan yi haka sau biyu ko uku. Wani bincike da aka yi a garin Leicester na Ingila ya nuna cewa ƴaƴa da yawa na mutuwa cikin sheƙa da yunwa a inda ƙwari suka yi ƙaranci. To a Paris kangaye da filayen da ciyawa ke fitowa da kanta sun koma gidaje da ma'aikatu. Burodi na cika cikin uwa, amma ba ya raya ɗa. Tun ranar 1 ga Janairu 2017 doka ta hana hukumomi fesa maganin ƙwari da na ciyawa a lambunan jama'a da gefen tituna, a 2019 kuma hanin ya kai ga masu lambu a gida. Saboda haka ciyawar da baƙo zai gani a gindin itatuwan titi ba sakacin masu shara ba ne, da gangan aka bar ta.

Na uku shi ne mafaka. Daga Les Halles in aka gangara kudu aka ƙetare kogin Seine, sai tsibirin da majami'ar Notre-Dame take. Kafin gobarar 15 ga Afrilu 2019, shingayen da ke farfajiyarta na cikin wuraren da aka fi sanin gwara a birnin, har masu yawon buɗe ido kan ɗaga hannu da guntun biskit ta sauka bisa yatsunsu. Abin da ya riƙe ta nan shi ne duhuwar shingen. Gwara tsuntsuwar taro ce, tana son wuri mai sarƙaƙiya inda garke zai taru ya yi hayaniya, ya ɓuya in kyanwa ko shaho ya taso. Tana kuma son ƴar busasshiyar ƙasa inda za ta yi birgima ta kakkaɓe ƙwarin jikinta. Lambun da aka aske ƙwal, aka shimfiɗe shi da dutse, ba shi da amfani gare ta komai kyansa.

Nan ne maganar akwati ta shigo. A 2021 ma'aikatar magajin garin Paris, tare da LPO, ta soma wani shiri mai suna Quartiers Moineaux, wato unguwannin gwara. Aka zaɓi wuraren da har yanzu akwai sauran garke, aka ba mazauna da makarantu akwatuna, aka dasa tsirrai masu ba da ƴaƴa da masu jawo ƙwari, aka kuma koya wa mutane ƙirga tsuntsayen unguwarsu. Akwatin kansa ba wani abin mamaki ba ne, kowane kafinta zai iya yin sa. Katako ne mai kauri wanda ba a shafa wa magani ba, da ƙofa zagayayya mai faɗin milimita 32, daidai jikin gwara, yadda babban tsuntsu ba zai kutsa ba. Ba a sa masa sandar sauka a bakin ƙofa, don kada ta zame wa maƙiyi matakala. Ana kafa shi bisa bango, wajen mita uku daga ƙasa ko fiye, ƙarƙashin inuwar rufi, fuskarsa na duban gabas don kauce wa zafin rana da ruwan da iskar yamma ke korowa. Tun da gwara ba ta son zaman kaɗaici, akan yi akwati mai ɗaki biyu ko uku, ko a jera da yawa kusa da juna. Da kaka, in ƴaƴa sun tashi, sai a buɗe a kwashe tsohuwar sheƙa. Wasu magina ma sukan sa tubali mai rami cikin sabon bango tun wajen gini.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce manoman Holan da na arewa maso gabashin Faransa kan rataya tukwanen ƙasa a bangon gida don gwara ta yi sheƙa ciki, kamar dai yadda ake rataya wa tantabara tukunya a ƙasar Hausa. Niyyarsu a lokacin ita ce su kwashe ƴaƴan su dafa, su kuma rage ɓarnar da ake yi musu a gona. Jikokinsu ne yau ke hawa tsani da guduma don tsuntsuwar ta samu inda za ta hayayyafa.

Sai dai akwati ba ya aiki shi kaɗai, kuma masu shirin ba su ɓoye wannan ba. Gwara ba ta da nisan yawo. Yawancinta kan rayu ta mutu bai fi kilomita ɗaya ko biyu daga inda aka ƙyanƙyashe ta ba. Akwatin da aka kafa a unguwar da garke ya riga ya ƙare zai iya shekara da shekaru babu mai shiga, ko kuwa wani tsuntsu dabam ya tare. Wanda aka kafa kusa da garke ma yakan ɗauki lokaci kafin ta amince da shi. In kuma ta shiga alhali babu ƙwari kusa, ɗakin ya zama kabarin ƴaƴanta. Shi ya sa ake haɗa abu uku: rami, da shinge, da ciyawa.

Matsalar ba ta Paris kaɗai ba ce. A lambun Kensington na birnin Landan an ƙirga gwara 2,603 a 1925, amma a 2000 guda 8 kacal aka samu. A 2019 wasu masu bincike suka gano cewa wani nau'in zazzaɓin cizon sauro na tsuntsaye ya yaɗu ƙwarai cikin gwarar birnin. A Indiya kuma wani mai suna Mohammed Dilawar, daga garin Nashik, ya jagoranci raba akwatuna, har aka soma bikin ranar gwara ta duniya a 20 ga Maris 2010, birnin Delhi kuma ya ɗauke ta tsuntsuwar jiharsa a 2012. A duniya baki ɗaya gwara na da yawa ƙwarai, ba a fargabar ƙarewarta. Daga manyan birane ne take janyewa.

Abin da ya sa mutanen Paris suka damu shi ne, tsuntsuwar da ta zauna da ɗan Adam tun zamanin da ya fara noma, tana cin abin da ya ci, tana shaƙar iskar da ya shaƙa, ba ta barin gari haka kawai. Wanda ya je birnin don sayayya ko wani taro, in ya samu sarari, ya ratsa ƙananan titunan gefen gari da sassafe cikin watan Mayu, ya ɗaga kai ya dubi ƙarƙashin rufin makarantu. Zai ga akwatunan jere, wasu shiru, wasu da ɗan tsinken ciyawa na leƙowa daga ƙofa. Inda ya ga namiji mai baƙin gemu na komowa da tsutsa a baki, to unguwar nan ta bar wa ƙaramin maƙwabcinta abin da zai rayu da shi. Allah ya sa masu gini, a can da ko'ina, su riƙa tunawa da shi.